Ɗaya Eh, Biyu A'a

Ranar Litinin da hantsi Keith, mai kula da gidan tarihin masaƙar Holroyd, ya miƙo wa Beryl takardar baƙin mako yana tauna biskit, ɓurɓushi na zuba a gaban rigarsa.

"Alhamis mutanen gidan tsofaffi na Larkfield za su zo," in ji shi. "Su goma sha ɗaya ne, huɗu a keken guragu. Don Allah ki bi su a hankali, Misis Ashworth, kada wani ya sheƙa mana a nan."

"Kai dai ji da injinka," ta ce. "Makon jiya tarin da yake yi ya fi na tsofaffin."

Ta ɗora tabarau a kan hanci ta bi sunayen da yatsa, don a garin nan da wuya a kawo tsohon da ba ta san gidansu ba. A suna na bakwai yatsan ya tsaya. Norma Entwistle. Ta sake karantawa, sai ka ce ana iya samun Norma Entwistle biyu a Rishden. Yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara arba'in da uku ke nan rabon da ko gaisuwa ta shiga tsakaninsu.

"Lafiya dai?" Keith ya tambaya.

"Lafiya lau. Shayin nan naka ne kamar ruwan wanki."

Ta ninke takardar ta mayar masa. Tsoro kuwa ya kama ta irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. Norma ta cika tamanin da uku. In ba a Alhamis ɗin nan Beryl ta nemi gafararta ba, to da wuya a sake samun wata Alhamis, ita ma ta san haka.

Rishden gari ne da auduga ta gina, sannan ta kama gabanta ta bar shi. A da in ka hau tudun bayan coci kana ƙirga bututun hayaƙi sittin da 'yan kai. Yanzu biyu suka rage, ɗayan ma an ɗaɗɗaure shi da ƙarfe don kada ya rufto wa mutane. Majalisar gari ta buga wata 'yar takarda mai sheƙi, wai wurare goma da bai kamata baƙo ya wuce bai gani ba. An sa mashigin ruwan da kwalekwalen kwal suke bi a da, an sa kasuwar rufi, an sa mutum-mutumin tsoho Holroyd mai masaƙar, da ke dandali, wanda tattabaru suka daɗe da nuna masa matsayinsa. Masaƙar ce ta ɗaya a jerin. Wanda ya rubuta takardar ya ce wai a nan baƙo zai ɗanɗani daɗin zamanin da. Daga ji ka san bai taɓa yin tari ya tofar da auduga ba.

Beryl dai ta yi. Tana 'yar shekara goma sha biyar ta shiga ɗakin saƙa, ba ta fita ba sai ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo. Da aka mai da wurin gidan tarihi, aka rasa wanda zai tada tsofaffin injinan ba su cinye masa yatsa ba, sai ta dawo tana aikin sa kai kwana uku a mako. Cikin injina ɗari takwas shida aka bari. Takan tada ɗaya na minti uku, 'yan makaranta su toshe kunne su yi ta ihu, sannan ta kashe ta ba su labari. Abin da suka fi so shi ne maganar leɓe.

Ba wata gwaninta ba ce, dole ce ta kawo ta. Injina ɗari takwas in suna bugawa lokaci guda, ko a cikin kunne aka daka maka tsawa ba za ka ji ba. Sai matan suka koma magana ba murya, a buɗe baki sosai a bar leɓe da harshe su yi aikin. Mace tana bangon gabas za ta ba wa ta bangon yamma labarin mijin wance da ya sha ya faɗa kwata, ba wadda ta ɗauke hannu daga zare. Sai dai abin da kika faɗa wa mutum ɗaya, kin faɗa wa duk mai ido. Shi ya sa tun kafin a koya wa yarinya ƙulla zare ake koya mata kare baki. In maganar ta sirri ce, a sa tafin hannu a gefen baki, a bar wa mai ita kaɗai hanya. Abin ya zame musu jiki har a coci da cikin bas. Har yau in ka ga tsohuwa a kasuwar Rishden tana tambayar albasa hannu a gefen baki, ba sai an gaya maka inda ta yi ƙuruciyarta ba.

Wannan ɓangaren Beryl takan ba da shi cikin raha, baƙi su yi ta dariya. Akwai saura, wanda ba ta taɓa ba wa baƙo ba.

Norma ta girme ta da shekara shida, kuma ita ta koya mata saƙa, da faɗa da rankwashi. Ba a yi masaƙiya kamarta a Holroyd ba, ko masu jin haushinta ba sa musa wannan. Injina takwas take riƙewa, ba a taɓa dawo da yadinta daga ɗakin dubawa ba. Ba ta yi aure ba, ba ta da wani abin taƙama a duniya in ban da aikin nan. Tana da shekara talatin da takwas idonta ya fara dushewa. Tana ganin mutum, tana ganin inji, amma zare ya ɓace mata. Ba ta gaya wa kowa ba sai Beryl, a bayan rumbun auduga, hannu a gefen baki. A Holroyd masaƙiyar da ba ta ganin zare ba ta da wurin tsayawa.

Layinsu ɗaya ne, injinansu na fuskantar juna. Shekara biyu cur Beryl tana lura da nata shida, tana satar duba takwas na Norma. In zare ya tsinke a can, sai ta wuce kamar za ta ɗebo kwarkwaro, ta ƙulla shi kafin kowa ya ankara. Takan koma gida kanta na sarawa, idanunta kamar an watsa musu barkono. Norma ba ta taɓa ce mata sannu ba. Haka Allah ya yi ta, godiya nauyi take yi mata a baki.

Sai aka ce za a karrama Norma, wai ta cika shekara ashirin da biyar ba a sami aibi a yadinta ba. Mai ɗaukar hoto ya zo daga jaridar gari. Norma ta sha gyaran gashi, ta sa sabuwar rigar aiki, ta tsaya gaban injinta tana jiran ya gama shiri. Beryl tana sunkuye a gefenta tana ƙulla mata wani zare da ya tsinke a daidai lokacin. Norma ta juyo ta ce, "Matsa can, kina tare haske."

Beryl ta matsa. Ta yi taku goma ta juyo, hannuwanta biyu a gefen jikinta. Ta buɗe baki yadda ko ta ƙarshen layi za ta karanta, ta ce, "Wane haske? Ai ba gani kike ba. Shekara biyu da idona kike saƙa."

Ba abin da aka ji sai bugun injina, amma kawuna suka riƙa ɗagowa layi bayan layi. Wilf Tattersall, foman ɗinsu, yana tsaye a bakin bencinsa da sifana a hannu, shi kuwa ɗan masaƙa ne gaba da baya, leɓe ba ya ɓoye masa komai. Mutum ɗaya ce a ɗakin nan ba ta karanta ba, ita ce Norma, don taku goma ya yi wa idonta nisa. Tana can tana yi wa mai hoto murmushi. Washegari Wilf ya kira ta ofis, ya ɗora farin zare a kan farar takarda ya ce ta ɗauka. Ta yi ta laluben tebur. Ranar Juma'a aka sallame ta, ranar Asabar hoton ya fito a jarida.

A ɗakin wankin asibiti Norma ta ƙare, tana ninke zannuwan gado. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi zagi ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Beryl ciwo. In sun haɗu a titi sai ta wuce ta kamar ta wuce turken fitila. Ranar da aka binne mahaifiyarsu, wannan tana wancan gefen kabari, waccan tana wannan. Shekara uku bayan sallamar aka rufe masaƙar gaba ɗaya, gwana da 'yar koyo duk suka koma gida, amma hakan bai gyara komai ba.

Beryl kuwa ta samo maganar da za ta rayu da ita, wato mantawa ta yi. Haushi ne ya ɗebe ta, ta manta ta kare baki, iyakarta ke nan. Haka ta gaya wa mijinta Derek, haka ta gaya wa matan layinsu, haka ta yi ta gaya wa kanta har maganar ta yi santsi don yawan maimaici. Sau biyu ta rubuta wasiƙa ta yaga. Sau ɗaya ta je har ƙofar gidan Norma ta tsaya, ta ga labule ya motsa, ta juya da sauri kamar wadda ta ɓata hanya.

Ranar Laraba da la'asar ta sa rigar ruwa ta bi hanyar bakin mashigi, inda ba ka haɗuwa da kowa sai masu yawo da kare. Ana yayyafi, ruwan mashigin baƙi ƙirin yadda yake tun tana yarinya. Tana tafe tana shirya abin da za ta faɗa. Ta ji labarin idon ya tafi gaba ɗaya tun kafin a kai Norma Larkfield, don haka a kunne za ta faɗa mata. Za ta fara da gajiyar shekara biyun nan da ciwon kai. Za ta ɗan taɓo maganar matsa can, ba don gori ba, don dai a san inda abin ya faro. Sannan ta zo kan mantuwar, sannan ta ce a yafe mata. Ta maimaita shi daga gadar kwal har zuwa tsohon rumbun rini, ta sake maimaitawa a hanyar dawowa. Jawabi ne mai kyau, kuma kusan duka gaskiya ne.

Alhamis ƙarfe biyu motar Larkfield ta tsaya a tsakar masaƙar. Aka fara sauke tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, da sanduna da barguna da ƙorafi. Rabinsu tsofaffin masaƙa ne. Wata mai suna Glenys, wadda suka yi shekara goma a layi ɗaya da Beryl, ta hango ta tun daga bakin ƙofa.

"Kai, Beryl! Ashe har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jira ki fara, in ji ko da daɗi."

"Ki ci gaba da jira, 'yar nema. Ni sai na binne ku duka."

Beryl ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, idonta na kan motar. Keken Norma ne na ƙarshe, wata ma'aikaciyar Larkfield mai ɗankwali shuɗi tana turowa, an rubuta Shabnam a ƙirjin rigarta. Da ba don hannuwan ba, da Beryl ba ta gane yayarta ba. Matar da ta cika layi da tsawo da tsawa ta koma 'yar mitsitsiya cikin bargo, gashi fari fat an rage shi gajere, idanu a buɗe ba sa kallon komai. Hannuwan dai suna nan, manya, a kife a kan cinya.

Beryl ba ta jira an shiga ciki ba, don ta san in ta jira ƙarfin halin zai gudu. Ta sunkuya daidai kunnen.

"Norma tamu. Ni ce, Beryl."

Ko gezau. Ta ɗaga murya ta sake faɗa, har Keith ya waiwayo.

"Anti, ba ta ji fa," in ji Shabnam a hankali. "Ko kaɗan. Bara kunnen ya ƙarasa tafiya, har na'urar jin magana mun daina sa mata."

"To yaya kuke magana da ita?"

"Ita take magana, mu namu amsa. A taɓa bayan hannunta sau ɗaya, eh ke nan. Sau biyu, a'a. Mun so mu koya mata rubutu a tafin hannu, ta ce ita ta bar makaranta tun kafin a haifi uwata, ba ta komawa. Wata uku ke nan tana hana mu sakat wai sai an kawo ta masaƙa. Kin san ta ne?"

"Na san ta," in ji Beryl.

Ta miƙe tsaye a hankali. Jawabin da ta yi ta gogewa jiya yana nan cike da bakinta, babu ƙofar da zai shiga. Baƙin ciki ya rufe ta. Can ƙarƙashinsa kuma, abin kunya, ta ji wani ɗan sauƙi, don in ba a iya faɗa ba ai ba laifinta ba ne. Ta tsani kanta saboda wannan sauƙin.

"Misis Ashworth," Keith ya kira, "jama'a na jira."

Aka jera tsofaffin a gaban igiyar da ta raba baƙi da injina. Beryl ta yi bayanin da ta saba, ita kanta ba ta san me take faɗa ba, ta tsallake maganar leɓe gaba ɗaya. Keith ya saki babban bel ɗin da ke juya injina, ta ja hannun inji. Ƙoshiyar saƙa mai ɗauke da zare ta fara kai da komowa, bugun ya cika ɗakin, daɓen ya ɗauki rawa. Nan take fuskokin tsofaffin suka canja. Glenys ta juya ga ta kusa da ita ta fara ba ta labari da leɓe, kamar jiya suka tashi aiki.

Beryl ba su take kallo ba. Ta ga Norma ta sauke ƙafa ɗaya daga matakin keke ta ɗora a ƙasa, sannan ɗayar. Ta ga bayanta ya miƙe, kanta ya juyo sannu a hankali zuwa inda bugun yake fitowa. Sai hannun hagu ya tashi daga cinya ya tsaya a gefen baki, ya tare Glenys da sauran. Leɓen ya motsa ba murya, a fili kamar rubutun allo.

"In Beryl ce a kan injin nan, ta zo."

Beryl ta yafito Keith ta nuna masa inji, ta yi masa alamar ya bar shi yana tafiya. Ya nuna mata agogo, wai minti uku ne ƙa'ida. Ta watsa masa wani kallo, ya mai da hannunsa aljihu. Ta tsallake igiyar ta durƙusa a gaban keken, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗauki hannun daman Norma ta riƙe.

"Beryl ce?"

Ta taɓa sau ɗaya.

"Tun kunnena na ji aka gaya mini kina wasa da injina a nan. Wannan naki ɗingishi yake yi, ina jin sa a ƙafata. Wa yake sa masa mai, makaho?"

Beryl ta rasa ko ɗaya za ta yi ko biyu, ta bar yatsan a tsaye.

"Derek yana nan?"

Biyu.

"Ya rasu?"

Ɗaya.

"Allah sarki. Mutumin kirki ne, ko da yake bai iya rawa ba." Ta juya kai gefe. "Akwai masu kallonmu?"

Ɗaya.

Norma ta ƙara matso da tafin hannun, ta lanƙwasa yatsun, har ba wanda zai ga bakin sai wadda take durƙushe a gabanta. Beryl ta ƙara matsowa. Ko yanzu, ko a kan wannan magana, yayarta rufa mata asiri take yi.

"To saurara, ba hira na zo ba. Kwanaki likita ya zo ya lalube ni, bayan ya tafi yarinyar nan ta yi ta shafa mini kai. Na san abin da wannan yake nufi, ni ba jaririya ba ce. Tambaya ɗaya na zo da ita, kuma ke kaɗai kike da amsarta. Ranar nan da ba ki kare baki ba. Duk wadda ta zo mini jaje cewa take kin ce mantawa kika yi. Ina so in ji daga hannunki. Mantawa kika yi?"

Yatsan Beryl ya sauka sau ɗaya, tun kafin ta yi tunani, don amsar da ta shekara arba'in da uku tana bayarwa ke nan.

Ya rage nata ta tsaya a nan. Norma ba ta ganin fuskarta, ba ta jin numfashinta. Wilf ya daɗe a kabari, Derek ma ya bi shi. Ba mai ƙaryata ta a duk faɗin duniya. Amma yatsan yana sama bai koma ba, kuma a cikin ɗan tsakanin nan ranar ta dawo mata yadda take, ba yadda ta gyara ta ba. Taku goman nan ƙirga su ta yi, don ta san iyakar ganin Norma. Kafin ta buɗe baki sai da ta kalli bencin Wilf, ta tabbata yana kallo. Hannunta na dama har ya fara tashi da kansa zuwa bakinta yadda ya saba, ita ce ta danne shi a jikin cinyarta. Ta so a sani. Ta so ko sau ɗaya a san wadda take yin aikin, kuma a minti ɗayan nan ba ta damu da abin da zai biyo baya ba.

Babu wurin gajiya a cikin amsar, babu wurin ciwon kai, babu wurin matsa can. Ɗaya ne ko biyu. Kunya ta kama ta. Ta sauke yatsan karo na biyu.

Norma ba ta motsa ba. Ƙoshiya ta yi ta kai da komowa, Beryl tana kallon leɓen nan a rufe, tana jiran a zare hannun daga nata. Ta riga ta yarda in an zare ba a zalunce ta ba.

"Na sani," in ji Norma daga ƙarshe. "Ni na koya miki. Hannun da na koyar ba ya mantawa. So nake in ji ko ke kin sani." Ta ƙara riƙe hannun Beryl. "Da kin tsaya a ɗaya, da na ce su mai da ni mota, sai dai ki ga mutuwata a jarida."

Beryl ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago da sauri, don in ta daina kallo ta daina ji.

"Ni ma ba haske kike tare mini ba," leɓen ya ci gaba. "Wane haske gare ni? Ban so a ga hannunki a zarena cikin hoton ba ne. Shi ke nan, na faɗa, kada ki sa in maimaita. Kuma kada ki tsaya jiran in ce na yafe, bakina bai iya irin waɗannan ba. Lahadi ana barin baƙi daga ƙarfe biyu. Ki zo da wuri, bayan ƙarfe huɗu barci nake yi."

Akwai magana dubu a bakin Beryl, amma ba a tambaye ta komai ba, don haka ba ta da abin taɓawa. Ta dai riƙe hannun da nata biyu.

Zaren kwarkwaro ya ƙare, injin ya tsaya da kansa yadda aka gina shi ya yi. Shiru ya faɗo wa ɗakin gaba ɗaya. A cikin shirun ne Beryl ta ji wani sauti mara daɗi yana tashi yana sauka, sai da ta ɗan jima kafin ta gane daga ƙirjinta yake fitowa. Tun ɗazu take yi, ƙarar inji ce ta rufe. Keith ya duƙufa duba wani ƙarfe da ba abin da ya same shi. Glenys, wadda ba a taɓa sanin ta da kawar da kai ba, ta ɗaga ido tana nazarin rufi.

Norma ta ji rawar daɓen ta tsaya a ƙafarta. Ta sauke hannun daga bakinta, ta laluba bayan ɗayan inda ya jiƙe. Wannan karon da murya ta yi magana, babba, a bushe, irin ta wanda ya daɗe bai ji kansa ba.

"Kuka kike yi?"

Beryl ta taɓa sau biyu.

"Maƙaryaciya," in ji Norma, duk ɗakin ya ji.

Shabnam ta share idonta da gefen ɗankwali, ta saki birkin keken, ta ce an haɗa shayi a ɗakin gaba. Beryl ta yunƙura ta kasa tashi, sai da Keith ya zo ya ɗago ta ta hammata. Norma ba ta saki wuyan hannunta ba, ta damƙe shi irin damƙar da take yi mata tana 'yar koyo. Haka suka bi layin tsakanin injinan da aka kashe, Beryl a ɗan sunkuye a gefen keken, Shabnam tana turawa a hankali don kada ta raba su.